Tsaga Biyu a Kunnen Inji

Marfin wata 'yar langa ne a saman jerena ya soma kaɗawa, kar-kar-kar, kamar haƙoran mai jin sanyi. Da wannan ƙarar abin ya fara. Ita ce kuma ta faɗo mini a rai ranar da aka ɗauki Baba, surukina, aka fita da shi ta zauren da ya yi rayuwarsa yana karɓar baƙi. Daga Allah muka zo, wurinSa kuma Baba ya riga mu komawa. Ba zan kama sunansa ba. Ban taɓa kamawa ba yana raye, ba kuwa yanzu zan fara ba da ƙasa ta rufe shi.

Gidan nan na Ƙaraye bai taɓa cika irin cikar kwanakin zaman makoki ba. Tabarmi suka ƙare, muka shimfiɗa buhuna. Abin da na lura da shi, duk wadda ta shigo ta gama yi wa Inna, matarsa, gaisuwa, sai ta kawo zancen mota. Wata tsohuwa daga Yammedi ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar nan, a bayan a-kori-kurar nan na haifi autana, muna kan hanyar asibiti. Ya tsaya ya juya mana baya yana ta salati har aka yanke cibi." Wata daga Kwanyawa ta ce shi ya kawo mata gawar mijinta gida da damina, da ta tura masa goro sai ya mayar mata da shi, ya haɗa da kwanon gero. Wata mata kuwa daga Yola, Yolarmu ta nan kusa, dariya ta kuɓuce mata cikin kuka, ta ce, "Ni ai har awakina ya sani. In ya gan ni a hanya sai ya ce, ina jar nan mai cizon buhu?"

A waje kuma, an ce mini, Baffa ne ya shiga kabari ya karɓe shi. Baffa ƙanen Baba ne uwa ɗaya uba ɗaya, yana zaune a wata ruga a ƙasar Rogo. Da aka faɗa mini haka sai na shiga ɗaki na yi kukan da ban samu yi ba tun safe, domin na san akwai shekarar da saura ƙiris zumuncin gidajen nan biyu ya tsinke, a kan injin mota. 'Ya'yana ba su san labarin ba sai gutsuttsure. Shi ya sa na ce bari in rubuta tun ina tunawa.

Baba Bafulatani ne da ya shigo gari ya zauna, yana noman dawa da gyaɗa, yana fataucin hatsi tsakanin Ƙaraye da Rogo. Lokacin da aka kawo ni gidan, a tsakiyar shekarun tamanin, a-kori-kurar ta riga ta tsufa. Fara ce a da, amma ta koma launin kunun kanwa. Shi kuwa bai taɓa ɗaukarta ƙarfe ba, kamar saniya yake kula da ita. Kowace safiya in ya dawo daga masallaci sai ya ɗauki buta ya ba ta ruwa a lagireto, ya shafa mata goshi, ya ce, "Kin kwana lafiya?" In ta yi zafi a hanya yaran mota suka yi rawar jiki za su buɗe marfin ruwa, sai ya ce, "Ku bari ta huce." Wannan kalmar ba mota kaɗai yake faɗa wa ba. In miji da mata suka kawo ƙara, ku bari ta huce. In yaro ya yi fushi ya ƙi tuwo, ku bari ya huce.

Sau ɗaya na ga ya yi faɗa da Inna, a kan kaza. Kazar Inna ta yi kwanci a bayan mota cikin tsofaffin buhuna, ga shi ranar kasuwa ce. Ya ce a kwashe ƙwan. Inna ta ce wanda ya taɓa su shi zai ƙyanƙyashe su da kansa. Ya ce, "To ni kasuwar ta jira kazarki?" Ta ce, "Ka tambaye ta." Har hantsi ba mai kula wani. Can sai muka ji an tayar da mota. Ashe kwando ya kifa wa kazar, ya tare ta da buhunan dawa, ya tafi da ita Rogo ya dawo da ita tana kwance a kan ƙwanta. 'Yan tsakin da suka fito, 'yan kasuwa muka riƙa kiransu.

Ni kuma 'yar boko yake ce mini, don na yi sakandare. In na durƙusa na ajiye masa kunu sai ya ce, "'Yar boko, yau me littafi ya ce?" In sunkuyar da kai in ce, "Ya ce a sha da zafi, Baba."

Da idonsa ya fara yin yana, sai ya bar wa maigidana tuƙi, shi ya koma kujerar gefe. A bazarar wata shekara Baffa ya aiko ɗansa, wanda ya iya tuƙi, ya ari motar don kai taki gonaki. Baba bai tambayi ranar dawowa ba, ya miƙa mukulli. Motar ta daɗe a can fiye da yadda aka zata, har aka yi ruwan shuka. Sannan ɗan Baffa ya kawo ta an wanke ta tas, ya gaishe da kowa a tsaitsaye, ya ƙi tsayawa cin abinci, ya koma a motar haya.

Ɗakina ne ya jingina da katangar waje inda ake ajiye motar, akwai kuma 'yar taga da nake leƙen ƙofar gida ta cikinta. Shekaru ina jin ana tayar da motar nan da safe, kwanona ko ɗaya bai taɓa motsi ba. Washegarin dawowarta maigidana ya murza mukulli, sai marfin langar nan ya kama rawa. Motar kuma ta ɗauki wani irin ruri, tana tari tana harbi kamar bindigar maharba. Da na kai wa Baba kunu na kasa yin shiru, na ce, "Baba, yau motar har kwanukana ta girgiza."

Ya ɗago ya dube ni da idon nan nasa mai hazo. "Kin ji ke ma?"

Maigidana ya ce ai salansa ce, dama ta ruɓe, da waya ake ɗaure ta. Baba ya ce, "To a sake ta gaba ɗaya, daga bututu har tukunya. In ta daina ihu ma ji muryarta ta gaskiya."

Aka sayo sabuwar salansa irin ta motar daga Kano, aka kira mai walda na bakin kasuwa, ya zo da tulun gas ɗinsa a baro. Ina tankaɗe a ɗaki ina jinsu ta taga. Ya shige ƙarƙashin mota yana ta tsiya. "Baba, wannan ai ba salansa ba ce, rariya ce. Ka ba 'yan gida su tace koko da ita." Ya yanke wayoyin, tsohuwar ta faɗo ƙasa, tsatsa na zuba. A bakinta, inda take haɗuwa da inji, sai ga gwangwanin madara an fasa an naɗe wurin da shi. Ya ɗauko sabuwar ya kara. Ya juya ta, ya sake karawa. Dariyarsa ta ɗauke.

"Baba, ramukan noti ba su hau ba."

Maigidana ya ce, "To ba daidai suka ba mu ba ke nan."

"Salansar daidai take da motar. Injin ne ba nata ba. Bakinsa ya fi faɗi. Shi ya sa aka cusa gwangwani don tsohuwar ta zauna."

Na ajiye rariyata na matso jikin taga. Baba ya miƙe daga kan buzunsa ya ce a buɗe masa gaban motar. A jikin inji akwai wani ɗan ƙarfe mai huda da ake saƙala ƙugiya in za a ɗaga shi, kanikawa na ce masa kunnen inji. Tun ranar da Baba ya sayi motar ya sa magagari ya yi wa kunnen nan tsaga biyu, irin shaidar da ake yi wa kunnen shanunsu, ya ce ita ma ta shiga garke. Kowa a dangi ya san da wannan, har dariya ake yi. Ya miƙa hannu yana lalube har ya kama kunnen. Ya daɗe yana shafawa da babban yatsa.

Maigidana ya leƙa. Muryarsa ta canza. "Ga tsagar nan, amma sabuwa ce, Baba! Dubi yadda take ƙyalli. Sun cire mana inji sun sa wani, sannan suka yi masa shaidar ƙarya don kada mu gane. Wa ya san shaidar nan in ba gidan Baffa ba?"

Mai walda ya sunkuyar da kai yana tattara sifanu kamar bai ji ba. Amma na san kafin la'asar bakin kasuwa zai ji.

Maigidana ya ci gaba, "Wallahi sai na kai yaron nan gaban alƙali. Mu ba su aro don Allah, su yi mana fashi da rana tsaka? In Baffa bai sani ba ya sani, in kuwa da saninsa..."

"Kai." Baba bai ɗaga murya ba. "Ƙanen ubanka ne."

"Shi ya sa abin ya fi ciwo."

Baba ya juya wurin mai walda ya ce, "Ɗana, za ka iya yi wa bututun nan baki daidai da wannan injin?" Ya ce zai iya, sai dai a yanka a ƙara ƙarfe. "To yi. Ka yi shi da kyau, injin nan zama zai yi." Ya koma kan buzunsa, ya ce wa maigidana, "Gobe za ka kai ni Rogo."

Ranar nan ban ga maigidana ya ci abincin kirki ba. Ya ce mini ko Baba ya hana shi zuwa kotu, shi da gidan Baffa har abada, ba biki ba suna, kuma kada in ƙara kai yara can ziyara. Ni kuwa matar Baffa ce ta zo ta yi mini wankan jego a haihuwata ta fari, da hannunta ta riƙa gasa mini jiki. Na shiga wurin Inna na tarar tana jan carbi, ta ce, "Su biyu suka rage wa uwarsu. Ki taya ni addu'a." Har yamma ina jin hucin wutar walda ta taga, ina tuƙa tuwo ina roƙon Allah Ya sa kada gobe a faɗi kalmar da ba ta ɗaukuwa.

Abin da ya faru a Rogo, daga bakin maigidana na ji shi daga baya, kuma ya sha maimaita mini.

Ya ce tun a hanya jikinsa ya fara sanyi. Akwai wani hawa da motar ta saba yi wa nishi, sai an sauko giya ana lallashi. Ranar ta haye shi ko gezau. Baba ya ce, "Ka ji?" Ya ce ya ji. Baba ya ce, "Tsagar da ka gani jiya, ta sama take ko ta ƙasa?" Maigidana ya yi tunani ya ce ta ƙasa. Baba ya ce, "Da mahaifinmu ya raba mana shanu, nawa ta saman kunne aka tsaga, na ƙanena ta ƙasa. Ya zo zai kwaikwayi tawa, hannunsa ya yi tasa. Tun yana yaro hannun nan bai taɓa tsaga kunnen abin da ba daga garkensa ya fito ba. In mun isa ka yi mini ido. Ka dubi turken bijimansa."

Suka isa. Turken da ake ɗaure shanun huɗa biyu, farare, waɗanda Baffa ke ji da su kamar 'ya'ya, wayam, sai igiya a ƙasa. Garmar shanu na jingine a gindin bishiya. Can cikin gona kuwa ga ɗan Baffa da ƙannensa sun duƙa suna huɗa da hannu, ga gona ba iyaka, ga damina ta kankama. Maigidana ya ce ya raɗa wa Baba abin da ya gani. Baba ya ce, "To. Ka kama bakinka."

Baffa ya fito ya tarbe su, ya durƙusa wa wansa kamar yadda ya saba duk da furfurarsa. "Hamma, sannu da hanya." Haka yake kiransa, yaya ke nan da Fulatanci. Aka shimfiɗa tabarma, aka dama fura. Aka gaisa, aka sake gaisawa. Ina gida, ina yara, yaya ruwa, yaya shanu. Baffa na amsawa idonsa na ƙasa. Aka tambayi lafiyar kowa har ta maƙwabta, ba wanda ya ce mota.

Can Baba ya yi gyaran murya ya ce, "Wata alfarma na zo nema." Baffa ya ɗago a firgice. "Bijiman nan nawa biyu sun fi ƙarfina. Ido ya tafi, wannan kuma," ya nuna maigidana, "ba abin da ya sani sai sitiyari. Suna ta ramewa a cikin gari. Ka taimake ni ka riƙe mini su. Amma fa kada ka bar su su yi zaman banza, ka sa su aiki, in ba haka ba lalacewa za su yi."

Maigidana ya ce shi da ya san bijiman nan sun fi na kowa ƙiba a unguwa, sai ya kau da kai. Baffa ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "To, Hamma. Allah Ya ba ni ikon riƙewa." Sai kuma ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Yaya motar?"

"Salansa ce ta dame mu, mun sake. Ita kuwa motar, ban san irin ciyawar da ka ba ta a nan ba. Tsohuwa ta tafi, budurwa ta dawo."

Baffa ya rufe fuska da hannun riga. Kafaɗunsa na motsi, maigidana ya kasa gane dariya ce ko kuka, ya tashi ya ba su wuri.

A gona ya sami ɗan Baffa, wanda jiya maigidana ya rantse sai ya kai shi gaban alƙali. Bai tambaye shi komai ba, ya tuɓe riga ya karɓi garmar hannu daga ƙaramin cikinsu ya shiga kunya. Sai da suka kai ƙarshen gona suka juyo sannan ɗan Baffa ya yi magana. Dutse ne ya fasa tukunyar baƙin mai a hanyar gona, bai ankara ba, man ya tsiyaye, inji ya buga. Shi ya so a aika a faɗa. Baffa ya ce ina, da wane ido zai dubi Hamma ya ce masa ga gawar abin da ka ara mini? Ya kaɗa bijiman kasuwa, aka je Kano aka samo injin da ya fi na da lafiya, ya zauna da kansa da magagari ya yi tsagar. Ya kuma ce duk wanda ya faɗa, bai yafe ba.

"To ai ga shi ka faɗa," in ji maigidana.

"Ai kai ma da idonka ka gani, Yaya. Ni dai salansar ce ta tona mu. Bakaniken ya ce gwangwanin zai kai shekara."

"Ko kwana bai kai ba, shashasha."

Bijiman Baba sun tafi Rogo a makon, ba su sake dawowa ba, ba kuma wanda ya tambaye su. Duk kaka sai Baffa ya aiko da dawa ya ce ladan aikin shanun Hamma ne, Baba ya karɓa ya ce an gode, ya raba wa gidajen da ya san ba su noma ba. Har Baba ya koma ga Mahaliccinsa kalmar inji ba ta taɓa shiga tsakanin bakinsa da na ƙanensa ba. Kowa ya san ɗan'uwansa ya sani. Na yi shekaru ina juya wannan a raina. A makaranta an koya mana a fito a faɗi gaskiya, kuma hakan yana da kyau. Amma a gidan nan na ga wani abu da ban gani a littafi ba, yadda mutum zai gane wahalar da ɗan'uwansa ya ɓoye, ya ɗauke masa ita, bai kuma kware masa mayafi ba.

Ya Allah, Baba ya rufa asirin bayinKa, Ka rufa masa nasa. Ya ɗauki masu naƙuda da marasa lafiya da gawarwaki bai gaji ba, Ka ɗauke shi da rahamarKa. Ka yalwata masa makwanci, Ka mayar masa da hasken idonsa a gidan da ba a tsufa, Ka ba Inna da Baffa haƙurin zama bayansa. Mu kuma Ka sa mu gaji ko kaɗan ne daga halinsa.

Amma ni a waccan ranar ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Tun da suka fita da safe nake zullumi. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Na ɗora sanwa na manta ban sa kanwa ba. Inna ta fito tsakar gida ta zauna, ta koma ɗaki, ta sake fitowa. A da tun motar na bayan gari muke jin ta, mu san sun dawo, har in gane daga yadda maigidana ke taka ta ko ransa a ɓace yake. Yanzu ga sabuwar salansa, ba abin da kunne zai kama. Ina ta ƙirƙiro yadda zai shigo, fuska a murtuke, ya ce mini an gama.

Rana ta yi ja, na kwashe tuwo daidai mutanen gida, ina cikin rufewa. Sai ga 'yata ta fari, lokacin ba ta shiga makaranta ba, ta shigo daga zaure a guje, ɗankwali a hannu, ta riƙe mini zane tana haki.

"Umma, Umma, ki ƙara tuwo! Kaka ya zo da Kakan Rogo, a gaba suka zauna su biyu suna ta dariya. Kuma Umma, motar ta daina faɗa."